Rasuwar Inna Mai-Juyi, Uwar Fitilun Maulidin Bayan Dogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da yau kwana huɗu bai rabu da ƙaurin roba ba, Malam Hamman mai gyaran fanka na Layin Bayan Dogo a unguwar New Bell ta birnin Duwala, shi da maiɗakinsa Rakiyatu, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin layin nan ya ɗaga kai ya saki baki, rasuwar Inna Mai-Juyi, na'urar da ke sa fitilun ƙofar Maulidi gudu. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, tsakanin magariba da lisha, cikin ruwan Agustan wannan shekara ta 1994, a cikin akwatinta na katako, bayan jinyar da ba ta kai tsawon dafa shayi ba. Maulidi bakwai ta yi tana aiki ba fashi. A na takwas ta tafi, kuma ba da son ranta ba.

Da so samu ne, da layi uku ya isa. Malam Hamman ba mutum ne mai dogon zance ba, kowa ya sani. Amma an riga an tsaya gaban jama'a da makirfo an ce marigayiya tarkace ce, mai ita kuma jahili, har kwamitin Maulidi ya sa zama Juma'a mai zuwa don a karɓe ƙofar daga hannunsa. Ita ba ta da bakin da za ta kare kanta yanzu. Don haka mai karatu ya yi haƙuri, ya gyara tsayuwa.

An haifi marigayiya a 1987, shekarar da kalmar crise, wato matsin tattalin arziki, ta shiga bakin kowa a Duwala, har masu tallan gyaɗa. Mahaifinta ɗan injin juya faifai ne, daga wata mashaya da aka rufe aka watso kayanta bakin kwata. Mahaifiyarta babban gwangwanin madara, wanda Rakiyatu ke ajiyar kanwa a ciki, kuma ta daɗe ba ta yafe ba. Harsunanta huɗu na tagulla an ciro su ne daga matattun batura masu faɗi, irin na tocila. Ba zuri'ar da za a yi alfahari da ita ba ce, ba a musu. Amma ga abin da ta iya. Injin ya juya gwangwani a hankali. A jikin gwangwanin an naɗe salatif, an bar tagogi huɗu, kowace a gaba da 'yar'uwarta kaɗan. Harshe ya taɓa ƙarfe, jerin ƙwan lantarki ɗaya ya kama. Ya hau salatif, ya mutu, na gaba ya karɓa. Mai kallo daga titi sai ya ga haske ya taso daga ƙafar ƙofa ta dama, ya haura, ya gangaro ta hagu, ya sake komawa, kamar an aike shi ya manta saƙo.

Malam Hamman bai karanto wannan a littafi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗaukar tsani a bayan wani mai gyaran wuta a tashar jiragen ruwa, bakinsa a rufe, kunnensa a buɗe. Boko kuwa sai da ya haura arba'in ya shiga ajin yamma, kuma abin da ya kai shi, ya gaji da roƙon mutane su karanta masa lambar da ke kan ƙwan lantarki. Wannan shi ne laifin da ake goranta masa yau.

Wanda ba ɗan layin nan ba ne sai an yi masa bayani. Gida arba'in da takwas ne a Bayan Dogo, ƙwai arba'in da takwas a jikin ƙofar gorar da ake kafawa a bakin layi. Kowane gida da mazaunin ƙwansa, ba a canzawa. Baƙo ma in ya kwana biyu zai iya nuna maka na wane da na wane. Ranar jajibere bayan la'asar, kowane maigida zai hau tsani da kansa ya ɗaura ƙwan gidansa. Malam Hamman na gindin tsani, ba wanda zai taka matakin farko sai ya miƙa masa ƙwai ya duba kansa. Wat sha biyar. Na Alhaji sha biyar, na mai tura kura sha biyar, na gwauruwa sha biyar. Rakiyatu ta shafe su da jan farce da shuɗin wanki, shi ke nan ado.

Halayenta na gari ba su ƙirguwa. Ba ta taɓa fifita gida kan gida ba. Ƙwan mai bene da ƙwan mai ɗakin katako, daidai take raba musu lokaci. Muryarta ƙasa-ƙasa ce: ƙyat, ƙyat, ƙyat, ƙyat, sannan ɗan ƙirr idan harshe ya zo kan ɗinkin gwangwani. Masu yabo sun sha cewa da ita suke riƙe kari. Ba ta son ruwa, kuma ba ta ɓoye ba, shi ya sa ake rataye akwatinta can ƙarƙashin kwano, sama da inda ambaliya ta taɓa kaiwa. A shekarar villes mortes, ta yajin gama-gari, da ba tasi ba kasuwa, hayaƙin taya ya rufe sama, a kura aka turo gora tun daga Japoma, ita kuwa ta juya kamar ba abin da ake yi. An yanke albashi ta juya. An sake yankewa ta juya. An wayi gari kuɗin da ke aljihun mutum ya koma rabi, ita ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Sannan ta iya riƙe sirri. Wata goma sha ɗaya na kowace shekara a kan kanta take hutawa, a bayan shago, lulluɓe da tsohon zane. Tun watan Janairun bana ta sami abokin zama: wani bawan Allah mai karabat ɗaure a wuya da jakar hannu, wanda ke fitowa daga gidansa ƙarfe bakwai da rabi yana gaisawa da mutane a gurguje kamar ana jiransa, sai ya zaga ta bayan dogo, ya shigo ta ƙofar baya, ya zauna kan benci da jaridar makon jiya har ƙarfe uku. An sallame shi daga aiki ne, compressé, kamar dubban mutane a garin nan. Ba abin kunya ba ne. Shi ya mai da shi abin kunya. Wata takwas marigayiya na kallonsa ba ta ce ƙyat ba. Malam Hamman ma bai ce ba. Rakiyatu kuwa sai ta koma aiko da kwano biyu da rana.

Ciwon ajalinta daga zaman kwamiti ya faro. Mesiye Abdulsalami, ƙanin Rakiyatu, wanda layi ke kira Shef saboda muƙaminsa a wani kamfanin katako, ya miƙe yana kaɗa ɗan makullin durowar ofishinsa a yatsa, mai lamba 14 a jiki, kamar yadda ya saba ko a wurin ta'aziyya. Marigayiya ta san shi ƙwarai. Ya ce:

"Yaya, da girmanka da komai, sha biyar ɗin nan kama take da talauci. Masu kuɗin unguwar Kotto in sun biyo ta nan sai su ce crise ta gama da mu. Il faut que ça brille, dole ta yi ƙyalli!"

Malam Hamman ya saurara har ya dasa aya. Sannan ya ce, "Harsunanta sirara ne, Abdu. Abin da ta saba ɗauka, shi za ta iya."

Kwamiti ya ce an ji. Lalle kuwa an ji.

Ranar jajibere da azahar, sai Alhaji Munzali shugaban kwamiti ya tuna cewa lasifikar da aka aro tana can unguwar Ndogpassi, kuma wai duk layin babu wanda ya san yadda ake ɗauko ta sai Malam Hamman. Ya tafi. Ruwa ya tsare hanya, motoci suka tsaya, bai ga New Bell ba sai bayan magariba.

Shef ne ya riƙe tsani a madadinsa. Da kansa ya fara: wat ɗari, a mazauni na uku daga dama. Alhaji Munzali ya ɗaga kai ya ga ƙwan ma'aikaci zai danne na ɗan kasuwa, ya aika gida aka kwanto na falo, ɗari da hamsin. Ɗan'azumi mai tsire ya ce shi ma ba a bola aka tsince shi ba, ya ciro na rumfarsa. Daga nan layi ya watse, kowa ya yi gida da gudu. Akwai gidan da har na banɗaki aka kwance. Dattawa da furfurarsu, cikin ruwa, jere a gindin tsani, kowa ya dunƙule ƙwai a aljihu yana leƙen na maƙwabcinsa. Mutanen da albashi ya tsaya musu, waɗanda ke wuni a shago ba a taya ko allura ba, waɗanda nama ya zama baƙo a tukunyarsu, ranar nan suka sami wurin da za su nuna wa duniya har yanzu da sauransu. A wuyan gwangwanin madara.

Gida goma sha ɗaya ne kawai suka tsaya inda aka san su. Gwaggo Hapsatu, da aka ce ta kawo babba, cewa ta yi, "Ku bar mini ɗan nawa, ba jirgi zan saukar ba."

Da aka idar da magariba aka kunna ta. Allah ya sani ta yi ƙoƙari. Ta zaga sau ɗaya, ta zaga sau biyu. Sai murya ta canza: ƙyat, tsss, ƙyat, tsss. Sai ɗas! Fiyus ya tsinke.

Ga wanda bai sani ba, har da masu takardar shaida: fiyus ɗan kwalba ne mai siririyar waya kamar gashi a ciki, kuma aikinsa ɗaya ne a duniya, ya mutu a madadin abin da yake tsaro. In ya tsinke, ba lalacewa ya yi ba, magana ya yi. Malam Hamman ya manna wasu uku a cikin murfin akwati saboda ɓacin rana. Aka sa na farko, ɗas. Na biyu, ɗas. Na uku, ɗas. Sau huɗu ke nan baiwar Allah tana cewa a sauke mata kaya. Ko jaki aka yi wa haka ya durƙusa sau huɗu, mai shi zai duba mangala. A nan kuwa sai aka ji wata murya mai ilimi ta ce, "Fusible ɗin ne ba su da kyau, na crise ne," aka ga hannu ya shiga aljihu ya fito ya shiga akwati.

Haske ya kama. A faɗi gaskiya, ba a taɓa ganin irinsa a Bayan Dogo ba. Aka yi tafi, aka yi guɗa, wasu na kiran "Shef! Shef!" Daidai nan Malam Hamman ya karyo kwana, wando a naɗe, lasifika a ka. Ya ga ƙofa na ƙyalli kamar shagon gwal, hasken a tsaye cak ba ya gudu. Ya kasa kunne bai ji ƙyat ba. Ya dire lasifika ya zura da gudu. Kafin ya kai, sai ta yi maganarta ta ƙarshe, doguwa, ba irin wadda aka saba ji ba: fuuuu.

Da busasshiyar sandar tsintsiya ya fizge wayar daga bango. Ya riƙe hannun Alhaji Munzali, wanda ya taho da bokitin ruwa zai sheƙa wa wutar lantarki, kuma har yau bai gode ba. Da yashi aka kashe ta. Gefen tamfol ɗin rumfar mata ya ƙone, layi ya yi duhu, ba a rasa rai ba sai nata.

Maulidi ba ya tsayawa don gwangwani. Da hannunsa mai ƙuna Malam Hamman ya haɗa musu lasifika da batirin mota. Kuma lasifikar nan da ya ɗauko a kansa tun daga Ndogpassi, abin da ya fara fita daga bakinta shi ne wannan, da muryar Shef:

"Jama'a, a yi haƙuri. Voilà abin da ke faruwa idan aka bar lantarki a hannun bricoleur, ɗan kame-kame, mutumin da ya koyi A da furfura a gemu. Baɗi in Allah ya kai mu, technicien za a ba."

Malam Hamman ya saurara har ya dasa aya.

An yi wa marigayiya wanka ranar Asabar da hantsi, a shago, a gaban Alhaji Munzali da Ɗan'azumi, Rakiyatu na riƙe da faranti. An tarar harsunanta huɗu sun narke sun manne da gwangwani, salatif ya koma kwalta, injin ya yi baƙi ƙirin. Da aka zo mazaunin fiyus, ba kwalba aka tarar ba. Wani ɗan makulli ne na tagulla, an cusa shi da ƙarfi tsakanin ƙarafa biyun, ya sha wuta, amma lambar jikinsa ta fito ras. Ko wanda ya koyi karatu da furfura ya iya karanta 14.

Rakiyatu ce ta ce, "Wannan ai makullin Abdu ne."

Alhaji Munzali ya dubi rufi, ya dubi agogo, ya ce bari ya je gida don kamar hadari na haɗuwa. A Duwala. A watan Agusta.

Malam Hamman ya jira Asabar, ya jira Lahadi, ko wani zai ɗauki makirfon nan ya mayar da abin da ya faɗa. Shiru. Ranar Litinin ƙarfe takwas sai ƙofar baya ta buɗe. Karabat, jaka, jaridar makon jiya. Shef ya zauna kan bencinsa na kullum, gawa na lulluɓe a gefensa ko kallonta bai yi ba. Can ya yi gyaran murya.

"Yaya, ba ka ga wani ɗan makulli ba? Na bureau ne, ana bukatarsa a ofis."

"Zan duba," in ji Malam Hamman.

Ranar nan kwano ɗaya Rakiyatu ta aiko. Da yamma ta ajiye wa mijinta takarda da biro a kan tabarma ta ce, "Malam, ƙanina ne, ciki ɗaya muka fito. Rubuta."

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya goma sha ɗaya na halak, masu wat sha biyar, dukkansu lafiya lau, babbansu shi ne na Gwaggo Hapsatu wanda tun Maulidin farko yake nan. Ta bar baƙi talatin da bakwai da suka zo cin arziki suka ci har da mai gida. Su ma ko ƙwarzane ba su yi ba, irinsu ba sa yi. Ta bar tsani, da ƙofar gora mai baƙin tabo a kafaɗar dama, da murfin gwangwani wanda tun 1987 yake hannun Rakiyatu. Ta bar wani tsoho da in ya zauna a shago sai ya riƙa jin ƙyat, ƙyat, ya waiwaya, ashe ɗigon ruwa ne a bokiti.

Ba ta bar wasiyya a rubuce ba, amma duk wanda ya ga gawar ya karanta ta. Mai son ƙawata ƙofa ko rumfa, ya tara lambobin da ke kan ƙwayayensa tukuna, ya san nauyin da zai ɗora, kafin ya tara masu tafi. Fiyus in ya tsinke, a rage kaya, a nemi dalili. Ba a maye gurbinsa da ƙusa, ko takardar sigari mai ƙyalli, ko abin da ke aljihun babban mutum. Duk inda waya biyu suka haɗu a murɗe su tam, a naɗe, a ɗaga su daga ƙasa, a bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga akwati, don ruwan sama ya ɗiga a nan kada ya bi ta ciki. Ba a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, ba a tsaya mata ba takalmi. A gwada da rana tun ido na gani. Wutar lantarki kuma yashi ake zuba mata bayan an cire waya, wannan na Alhaji ne musamman. Sauran kuwa, wanda duk ya ji yana son ƙwansa ya fi na maƙwabci, ya ɗaura shi a ɗakinsa ya rufe ƙofa ya yi ta kallo.

Game da jana'iza: Liman ya ce ba a yi wa gwangwani salla, kuma gaskiyarsa. Binnewa ma ba za a yi ba, don ƙasar New Bell kamu ɗaya za ka haƙa ka tarar da ruwa, kuma wadda aka tsare daga ruwa duk rayuwarta ba za a kwantar da ita a cikinsa ba. Ranar Alhamis bayan la'asar za a naɗe ta da farin ƙyalle a ƙofar shago, a ɗaga ta zuwa kanta ta can sama, inda ba hannun da zai kai sai da tsani. Za a ba da shayi. Abinci babu, an ci isasshe a kanta.

Bayan haka za a raba gado. Ƙwayayen nan talatin da bakwai suna kan faranti, an jera su daga babba zuwa ƙarami. Za a kira sunan kowane gida da lambar wat ɗinsa da murya mai ƙarfi, tunda dama abin da ake so a ji ke nan, mai shi ya taso ya karɓa.

Ana kuma sanar da cewa an sami wani ɗan inji a cikin wata matacciyar fanka, kuma Rakiyatu ta juye gishirinta ta ba da gwangwani, wannan karon da hannunta. Idan kwamiti ya zauna Juma'a ya ga technicien ya fi, ga tsani nan a jingine, a zo a ɗauka. Idan kuwa ana son haske ya sake gudu a Bayan Dogo, to Malam Hamman ne a gindin tsani, kuma lasifika ko a Makka take, wani ya je.

Bencin bayan shago an ɗage shi saboda zaman makoki, kuma ba a sa ranar mayar da shi ba. Mai aiki a kansa ya nemi wani bureau.

Makulli shi ne ƙarshen abin da za a kira. Mai shi ya taso gaban jama'a, ga makirfo nan an tanada, batir a cike. Ya faɗi inda ya sa shi ranar Juma'a da abin da ya faɗa bayan nan, a miƙa masa abinsa, a yafe wa juna, kwano ya koma biyu. In nauyin baki ya hana shi, ba gaggawa, durowar da yake buɗewa tun Janairu wani ke zaune a gabanta. Za a adana shi har Maulidin baɗi, a ɗaure shi da zare a jikin ƙofa, a mazauni na uku daga dama. Ba zai yi haske ba, amma kowa zai gan shi, kuma ko wat ɗaya ba zai ci ba.